Waifai ɗina yana ƙin karɓar mutane duk ranar Alhamis, ina matsalar take?

Mai Caji Maigatari

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda Allah ya ba sanin harkar rauta, domin abin nan ya fara taɓa min abinci.

Shagona yana bakin kasuwar Maigatari, ta ɓangaren kara. Asalin sana'ata cajin waya ce da sola da inbata, daga baya na ƙara kwamfuta ɗaya da firinta saboda masu son a buga musu takarda ko hoton fasfo. Bara bayan babbar salla na sayi rauta mai cin layin waya, na fara sayar da waifai. Duk wanda ya san garin nan ya san Alhamis ce ranarmu. Tun daren Laraba baƙi ke sauka, mutanen Nijar da shanu da raƙuma, dillalai, direbobin tirela masu lodin Kudu. Da yawansu ba su da data a layin nan gida, ga shi ciniki yanzu ya koma WhatsApp: dillali ya ɗauki bidiyon sa yana tafiya, ya tura wa mai saye a Legas, a yi magana a gama. Mutum ya biya ni, in rubuta masa kalmar sirri a guntun takarda. Kowace Alhamis bayan sallar asuba nake canza ta.

Daga safe zuwa wajen sha ɗaya komai lafiya lau. Da rana ta take, sai sabon mutum ya zo, ya sa kalmar sirri daidai ba kuskure, wayarsa ta tsaya tana cewa tana neman adireshin IP, ta yi ta juyi, ta saki, ta sake kamawa. Amma waɗanda suka shiga tun safe nasu na tafiya. Wata Alhamis na kunna kwamfutar shago bayan azahar, ita ma ta ƙi. Wani ɗalibi da ke zama wurina ya ce in buga ipconfig, lambar da ta fito ta fara da 169.254. Idan na kashe rautar na kunna, sai ta karɓi mutane na awa biyu ko uku, amma kashewar nan tana yanke wa kowa, kuma akwai mai tsakiyar kiran bidiyo da ubangidansa.

Na ɗauka ƙarfinta ne ya gaza. Na shiga Kano, na sayo ta biyu a Farm Centre, mai ƙaho biyu, ba ta cin layi. Na ja kebul kamar mita 40 zuwa rumfar shayin ƙanena, na soka a ɗaya daga cikin ramuka huɗun nan masu launi ɗaya, na sa mata suna daban. Tun daga ranar wata sabuwar cuta ta ɓullo, har a ranakun da ba kasuwa: waya ta kama, alamar waifai a cike, amma ko saƙo ɗaya ba ya fita. Na zauna na duba wayoyi sun kai goma. Masu aiki lambarsu ta fara da 192.168.8, marasa aiki da 192.168.0.

Sai firinta. Ta waifai take haɗe. Duk sanda batir ya sauka aka ɗauke wuta aka dawo, kwamfuta ba ta ganinta sai na cire na sake ɗorawa.

Alhamis ɗin da ta wuce wani dattijo daga wajen Damagaram ya biya ni, yana da bijimai uku da ake jiran bidiyonsu. Ya tsaya a rana kusan rabin awa yana riƙe da wayar sama, ya matsa nan ya matsa can. Na mayar masa da kuɗinsa. Bai ce min uffan ba, ya ninke kuɗin ya sa a aljihun gaba ya wuce. Da ma faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi. Don Allah wanda ya san inda matsalar take ya taimaka kafin Alhamis mai zuwa.

Na Babura

Wa alaikumus salam. Malam, sabis ne kawai. Ranar kasuwa mutane sun yi wa eriyar garin yawa, mu ma nan haka muke fama. Ka gwada layin wani kamfanin, ko ka ɗaga rautar sama a kan dogon ƙarfe.

Malamar Kwamfuta, Gumel

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Na Babura, cunkoson sabis ranar kasuwa gaskiya ne, amma shi yana sa komai ya yi nauyi ga kowa da kowa. Shi kuwa ya ce na safe suna tafiya, sababbi ne ke tsayawa a ƙofa. Wannan a cikin shagonsa take, ba a eriya ba.

Malam Mai Caji, bayanin da ka kawo ya isa a gane ciwon, kuma ka kyauta da ka rubuto lambobin. Matsala uku ce, dukkansu daga wuri ɗaya, wato abin da ake kira DHCP, mai raba wa na'urori adireshi da kansa ba sai an rubuta da hannu ba.

Bari in ɗauko misali daga teburinka. Idan aka kawo maka waya caji, kana manna mata lamba, ka ba mai ita kati mai irin lambar. To haka rauta take yi. Waya na shigowa sai ta yi shela a cikin gidan: wa ke ba da lamba? Rauta ta yi mata tayin ɗaya, wayar ta ce na karɓa, rauta ta tabbatar ta rubuta a littafinta. Taku huɗu ne, cikin ƙiftawar ido, kuma ƙa'idar da ake bi a yau tun 1997 aka rubuta ta. Tare da lambar ake gaya wa wayar ƙofar fita zuwa intanet, da inda za ta riƙa tambayar sunayen shafuka, da kuma tsawon lokacin da aka ba ta aron lambar.

A wurin aron nan matsalarka ta farko take. Irin rautar da lambarta take 192.168.8.1, yawanci tana zuwa da katuna daga 100 zuwa 200, wato 101 ke nan, kuma wa'adin aro daƙiƙa 86400, kwana ɗaya cur. Dillali ya shiga da ƙarfe bakwai, ya tura bidiyonsa, ya tafi cikin kara da takwas. Shi ya tafi, amma a littafin rauta katinsa na hannunsa har gobe da bakwai. Kafin azahar mutum ɗari sun ratsa, katuna sun ƙare, alhali waɗanda ke zaune a wurin ba su fi ashirin ba. Na ɗari da biyu ya yi ta shela ba mai amsa masa. Kwamfuta idan ta gaji da jira sai ta laƙa wa kanta lamba mai farawa da 169.254, wadda ba ta fita ko'ina. Duk inda ka ga wannan lambar, ma'anarta ɗaya: na nema ba a ba ni ba. Kashewa da kunnawa kuwa yana aiki ne saboda ƙananan rautoci da yawa suna manta littafin idan wuta ta yanke, sai su fara sabon shafi.

Ta biyu, rautar rumfar shayi. Ita ma ta zo da nata mai rabon a kunne, daga gidan 192.168.0. Da ka soka kebul a ramin LAN, wato ɗaya daga cikin huɗun nan masu launi ɗaya, sai ka haɗa su ɗaki ɗaya, yara biyu kowa da kwalin katunansa. Waya ta yi shela, wanda ya riga amsawa shi take bi. Idan ta biyun ta riga, sai ta ce wa wayar ni ce ƙofar fita, alhali bayan ƙofarta bango ne, domin raminta na WAN, wanda intanet ke shigowa ta nan, babu komai a ciki. Ranar Alhamis da katunan ta farko suka ƙare, ita kaɗai ke amsawa, shi ya sa abin ya fi muni da rana.

Akwai ƙari a kan wannan. Tun daga Android 10 a 2019, da iPhone daga iOS 14 a 2020, waya ba ta nuna ainihin lambar jikinta, wadda ake kira MAC, tana ƙirƙirar wata ga kowane sunan waifai. Tunda ka ba rautocin suna daban-daban, mutum ɗaya da ya sha shayi wurin ƙanenka sannan ya dawo shagonka zai iya cin kati biyu.

Ga abin da za ka yi, ranar da ba kasuwa, da kwamfuta a haɗe da kebul. Cire rauta ta biyu daga ta farko, ka haɗa ta da kwamfutar ita kaɗai, ka buɗe 192.168.0.1 a burauza. Canza lambarta ta LAN zuwa 192.168.8.2, za ta sake tashi, ka shiga ta sabuwar lambar, ka kashe DHCP ɗinta. Sa mata suna da kalmar sirri iri ɗaya da na shago. Mayar da kebul ramin LAN inda yake. Sannan ka shiga 192.168.8.1, ka faɗaɗa katuna daga 20 zuwa 250, sun zama 231, ka rage wa'adi zuwa daƙiƙa 3600 ko 7200. Kada ka ji tsoron gajeren wa'adi zai yanke wa mutum yana cikin kira. Idan rabin lokacin ya wuce, wayar da ke nan tana sabunta aronta da kanta a ɓoye. Wanda ya tafi ne kawai katinsa ke dawowa kwali.

Firinta kuma ka ware mata lamba ta dindindin. A cikin DHCP akwai wurin da ake ɗaure lambar MAC da adireshi ɗaya. Ka buga takardar bayanin firintar daga maɓallanta, MAC ɗin na rubuce a jikin takardar. Ka ba ta 192.168.8.10, ka sake ɗora ta a kwamfuta sau ɗaya da wannan lambar, shi ke nan.

Ɗan Wudil Mai Sola

Hajiya Malama ta yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni a ganina an tsawaita. Yaya Mai Caji, ka zare kebul ɗin nan daga inda yake ka mayar da shi ramin WAN, mai launi daban. Shi ke nan ta biyu ta zama gida mai zaman kansa, tana raba nata 192.168.0 ɗin, kuma tana da hanyar fita ta cikin ta farko. Minti ɗaya ne, ba ka taɓa saiti ko ɗaya ba. Na yi wa mutane haka a ƙauyuka da dama.

In kuma kana son sana'ar ta zauna da gindinta, ka tara kuɗi ka sayi rautar da ake kira MikroTik. Lambarta 192.168.88.1, tana yin tikiti, kowa da nasa da lokacinsa, ba kalmar sirri ɗaya da mutum zai biya ya raba wa abokansa biyar ba. Na tabbata cikin ɗarin da ke cinye maka katuna akwai waɗanda ba su ba ka ko sisi ba.

Malamar Kwamfuta, Gumel

Malam na Wudil, hanyarka tana aiki, ban musa ba, kuma maganar masu raba kalmar sirri gaskiya ce. Abin da ya sa ban kawo ta ba: ba ta taɓa matsalar farko, katunan shago za su ci gaba da ƙarewa da azahar. Sannan wanda ke rumfar shayi ya koma wani gida daban, wayarsa ba za ta ga firinta da kanta ba idan yana son a buga masa takarda. Amma in ya rasa yadda zai yi kafin Alhamis, ya yi naka, ya fi barin masu rabo biyu a ɗaki ɗaya.

Wani abu da na manta, Malam Mai Caji. Yawan katuna daban, yawan wayoyin da waifai ke iya riƙewa a lokaci guda daban. Rautocin layi wasu 32 suke ɗauka, wasu 64. Duba kwalin taka. Ko ka ba ta kati 231, ba za ta wuce wannan adadin a lokaci ɗaya ba, sai dai ta biyun ta ɗauke mata wasu.

Mai Caji Maigatari

Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Misalin katin nan ya shige ni, domin ni ma akwai masu tafiya da katina sai bayan kwana biyu su dawo, dole na yanka sababbi.

Jiya Asabar bayan la'asar na zauna na bi abin da kika ce. Na ta biyu ya tafi daidai, sai dai na yi gaggawa a wuri ɗaya: na kashe DHCP kafin in canza lambar LAN, da ta sake tashi kwamfuta ta rasa lamba, na kasa shiga. Sai da na sa tsinken ashana a ɗan ramin baya na danne kamar daƙiƙa goma, ta koma yadda ta zo daga kanti, na sake daga farko. Yanzu duk wayar da na duba 192.168.8 ce, kuma wadda ta kama tana fita.

Inda na tsaya shi ne ta shago. Ta yarda na faɗaɗa katuna, amma wa'adi ta ƙi. Na rubuta 3600 ta yi ja, na rubuta 7200 ta yi ja, ba ta karɓar abin da ya gaza 86400. Kuma na duba ko'ina ban ga wurin ɗaure MAC ba. A kwalinta an rubuta 32. Shin 231 ɗin za su ishe ni, ko akwai wata dabara? Alhamis ta gab da salla mutanen da ke ratsa shagona sun fi haka, ba na shakka.

Malamar Kwamfuta, Gumel

Amin, Malam. Akwai rautocin layi da aka taƙaita saitinsu haka, ba kai ka yi kuskure ba. To sai mu juya abin: ta shago ta tsaya a matsayin ƙofa kawai, ta rumfar shayi ta karɓi rabon. Doka ɗaya ce ba ta canzawa, mai rabo ɗaya tak a gidan, ko wacce ce a cikinsu.

Kafin ka taɓa komai, ka rubuta wa kwamfutarka lamba da hannu don kada a sake rufe ka a waje: adireshi 192.168.8.5, abin rufe gida, wato gurbin Subnet Mask, 255.255.255.0, ƙofar fita 192.168.8.1. Da wannan za ka iya shiga kowacce ko da babu mai rabo a kunne.

Shiga 192.168.8.2, ka kunna DHCP. Farko 192.168.8.20, ƙarshe 192.168.8.250. Irin waɗannan da minti suke ƙirga wa'adi, yawanci za ka tarar da 120, ka mayar 60. Yanzu ka natsu a nan, domin a nan mutane ke faɗuwa: akwai gurbin Default Gateway, wato ƙofar fita, kada ka bar shi fanko. In ka bar shi, za ta riƙa cewa ita ce ƙofa, ka koma gidan jiya. Rubuta 192.168.8.1. Gurbin DNS ma, wato wurin tambayar sunayen shafuka, ka sa 192.168.8.1, na biyu 8.8.8.8 na Google. Ajiye. Sai ka shiga ta shago ka kashe nata. A ta biyun za ka samu Address Reservation, nan za ka ɗaure firinta a 192.168.8.10. In ta ce lallai sai lambar da ke cikin jerin rabo, ba ta 192.168.8.20, duk ɗaya ne, muddin ba ta canzawa.

In kana son ka ɗaure wayarka ko na'urar POS, ka ɗauki MAC ɗin da take nunawa a cikin bayanin wannan waifai ɗin, ba na cikin bayanin waya ba, ko ka kashe mata ɓoye lamba a wannan waifai kaɗai.

Sharaɗi ɗaya: daga yau idan ta biyu ta mutu, ba wanda zai samu lamba ko da ta shago na kunne. Daga ina take shan wuta? In daga wani wuri ne daban, ka gyara wannan tukuna. Kebul ɗinka mita 40 ba damuwa, irinsa yana kai mita 100, amma ka ɗaga shi sama ko ka sa shi cikin bututu, wurin da shanu ke bi ne.

Mai Caji Maigatari

Salamu alaikum. Na bari sai da kasuwa ta ci sannan in dawo da labari.

Tambayar wutar nan da kika yi, Hajiya, ita ta cece ni. Ta rumfar shayi daga ƙaramin batirin ƙanena take sha, wanda yake kunna fitila da rediyo, kuma yakan sauka kafin hantsi. Ranar Litinin na ja mata waya daga inbata ta shago, na bi da ita tare da kebul ɗin ta saman rumfuna a kan gora. Na yi saitin ranar Talata da dare yadda kika tsara, na rubuta duk lambobin a bayan kwalin rautar da biro, na kuma manna ɗaya a bango kusa da mita.

Jiya na buɗe jerin waɗanda aka ba lamba na bar shi a kan allo tun safe, ina leƙawa tsakanin karɓar caji. Da ƙarfe tara 41. Da sha biyu, lokacin da abin ke lalacewa a da, 58. Mafi yawan da na gani 73, wajen ƙarfe biyu da aka fara lodin tireloli. Ina kallo sunaye suna fita, wasu suna shigowa a lambobin da aka bari. Ban kashe rauta ko sau ɗaya ba, ban mayar wa kowa kuɗi ba. Da yamma na gwada firinta da gangan, na zare ta daga wuta na mayar, na aika takarda, ta fito.

Abin da ya rage guda biyu. Wajen ƙarfe ɗaya zuwa uku intanet ɗin ya yi nauyi ga kowa, bidiyo na daɗewa kafin ya tafi, to a nan maganar Malam Na Babura ta fito, zan nemi dogon ƙarfe in gwada. Sannan akwai lokacin da mutum biyu suka kasa kama ta shago, na ce su matsa rumfar shayi, nan take suka shiga, ina jin 32 ɗin ce ta cika. Ƙanena ya ce in bar ta haka, duk wanda na tura masa sai ya sha shayi.

Malam na Wudil, takardun da na sayar jiya 96 ne, amma sunayen wayoyin da na ƙirga sun haura haka nesa ba kusa ba. Nawa ake sayar da ƙaramar MikroTik ɗin yanzu a Kano, kuma tana iya aiki da rautar layin da nake da ita ko sai na canza?

Dattijon Damagaram bai zo wannan makon ba. Na tambayi dillalin da suke tare, ya ce sai kasuwa ta sama. Na ajiye masa takardarsa, ba zan karɓi kuɗinsa ba.